Gawar da Na Tarar a Makarantar Jikata

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa. Sai in tashi ina neman carbi alhali yana rataye a wuyana. Amma kwana huɗun da na yi a makarantar koyon aikin jinya, inda jikata ta yi karatu, ba za su fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ni ban yi boko ba, a allo ma ban wuce ƙananan surori ba. Ina faɗa ne ita jikar tawa tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara inda bai yi mata daɗi ba.

A shekarar ne Allah Ya karɓi ran Malam, maigidana. Shekara arba'in da bakwai muna tare a wani ƙauye kusa da Aujara, shi yana karantar da yara a zaure, ni ina sayar da daddawa a cikin gida. Ina da wani aikin kuma wanda ba na kuɗi ba ne: ni nake wa mata wankan gawa a garinmu, na gada daga uwar mijina. Na ga mutuwa iri-iri, na ɗauka na saba da ita, ashe ban sani ba sai da ta shigo ɗakina. Har yau in na dama fura sai in ga na ɗauko ludayi biyu. Ba na ɓoye kukana, wanda ya gaji da ganinsa ya kau da kai.

Jikar nan 'yar babban ɗana ce. Yaye aka kawo mini ita, ba ta sake komawa ba. Da ta sami gurbi a makarantar, wata 'yar makarantar gwamnati ce a wani ƙaramin gari gaba da Dutse, Malam da kansa ya raka ta, ya ɗauki katifarta a ka. Tun daga ranar ya daina kiran ta da komai sai Likita. Tana gida hutun shekararta ta biyu ciwonsa ya tashi, kuma tana zaune a gefensa ya cika. Bayan sadakar bakwai ta koma makaranta, ni kuma na ci gaba da takaba, na rufe ƙofa da bakina.

Ina fita takaba da kwana uku ubanta ya shigo da waya a hannu, ransa a ɓace. Ya ce yarinya ta ce ta gama da karatu, a je a ɗauko ta. Ga shi saura 'yan kwanaki su yi jarrabawar aiki a kan marasa lafiya, wadda in ɗaliba ta ƙi shiga, an sallame ta ke nan. Ya ce zai je ya ci mutuncinta. Na ce ya zauna, ni na yaye ta, ni zan je. Na ɗaure daddawa da kuka da yaji da ƙuli-ƙuli, ƙanen Malam ya yi mini rubutu a jarka, don ni a zatona baki ne ya kama ta. Na hau motar Jahun, daga nan zuwa Dutse, daga Dutse na ƙara wata.

Makarantar ba ta da girma. Dogayen ɗakuna ne guda biyar ko shida a cikin darbejiya, da famfon tuƙa-tuƙa a tsakiya, asibitin garin kuma yana jikin katangarta. Bayan la'asar na isa. Maigadi ya kai ni wurin malamar da take kula da ɗakin kwanan 'yan mata, ta dube ni, ta dubi ƙullin da yake kaina, ta ce ai babu motar komawa yanzu, in kwana tare da su.

A ɗakin na tarar da jikata. Ta rame, farar rigarta tana yawo a jikinta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta nuna mini jakarta a ɗaure a ƙarƙashin gado.

"Iya, gobe da sassafe mu tafi."

Na ce, "Ke da kika zauna a nan ba ki san abin da mota ta yi wa bayana ba. Sai na huta."

Ban sami damar ƙara magana ba, don labari ya zagaya cewa kakar wance ta zo da daddawa. Kafin ka ce kwabo ɗakin ya cika. Su takwas ne a ɗakin, gado kan gado, kowacce da bokitinta da rishonta, amma a ranar sun fi talatin. A cikinsu akwai wata 'yar Miga, doguwa, bakinta ba ya hutawa, ita ce aminiyar jikata. Ita ta kwance ƙullin, ta shinshina, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Jama'a, yau garin kwaki ya tafi hutu!" Suka haɗa risho uku suka tuƙa tuwo. Na ga sun tashi zuba daddawa kamar ƙasa, na ƙwace ludayin na kaɗa musu miyar da kaina. Yaran nan suka ci, suka suɗe tukunya, wata har da rawa.

Sai kuma suka juyo kaina. Ashe sun gaji da auna junansu, duk jininsu lafiya lau, ba su taɓa samun tsohuwa tasu ta kansu ba. Aka ɗauko abin awon jini, wanda ake naɗa wa mutum a dantse a riƙa matsa 'yar roba yana kumbura. Suka yi layi. Wannan ta auna ta ce ya hau, waccan ta ce ƙarya ne, bai hau ba, ita ce ba ta iya sa abin a kunne ba. Sai da mutum goma sha ɗaya suka matse mini hannu.

Na ce, "In da bai hau ba, ai yanzu kun hau da shi."

'Yar Miga ta ce, "Kaka, saura allura. Guda ɗaya tak, hannuna kamar auduga."

Na ce, "Ke? Ko akuyata ba zan ba ki ba."

Ta nuna mini lemon zaƙin da suke koyon allura a jikinsa, duk ya yi huji-huji ya cika da ruwa, wai in sha, ya fi kowane lemo lafiya a Jigawa. Na yi dariya, sai na ji abin baƙo a bakina, don rabona da ita tun Malam yana da rai. Amma na lura duk layin nan jikata ba ta shiga ba. Tana zaune a kan gado, ta cusa hannuwanta a cikin hijabi.

Da safe muna wurin famfo 'yar Miga ta ja ni gefe, wannan karon babu wasa a fuskarta. Ta ce a takarda babu wadda ta kai jikata a ajinsu. Amma tun da ta dawo daga rasuwar nan, in aka kai su asibiti ta miƙa hannu za ta taɓa marar lafiya, sai hannun ya kama rawa har abin da ta riƙe ya faɗi. Sun yi ta rufa mata asiri, wannan ta yi mata nata aikin, waccan ta yi, amma ranar jarrabawa kowa shi kaɗai zai tsaya. Na ce to lallai baki ne, na sa ta sha rubutu. Ta sha don kada ta saɓa mini.

Da ƙararrawa ta kaɗa suka tafi aji, sai na yafa mayafi na fita neman babbar malamarsu, in roƙe ta ta yi wa yarinya haƙuri. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa, balle ni da yanar ido ta fara rufe mini guda ɗaya. Ina bin ɗakunan ina leƙawa, sai na zo wata taga. Ɗakin da ɗan duhu. Na hangi gadon ƙarfe, a kansa mace kwance a miƙe, kai babu ɗankwali, baki a buɗe, ido a buɗe, ƙirji a waje, ko ƙyalle ba a rufa mata ba. Ba ta motsi. Na tsaya na zuba wa cikinta ido, ba ya ɗagawa. Ga ɗalibai biyu sun wuce ta bakin ƙofar suna cin gyaɗa suna hira.

Na ce a raina, wannan baiwar Allah ba ta da kowa ne? Ashe haka ake yi wa bayin Allah a nan? Na tura ƙofa na shiga da salati.

A aikinmu ba a kallon tsiraicin mamaci, kuma ba a taɓa shi da tsirarar hannu. Saboda haka tun daga nesa na kau da kai, na warware mayafina na lulluɓe ta daga wuya har ƙafa. Na cire ɗankwalina na yage shi biyu, rabi na naɗe hannuna, rabi na ɗaure mata haɓa zuwa tsakiyar ka. Na shafa idon, ya ƙi rufuwa. Na sake shafawa, ya ƙi. Jikin ya sandare, ya yi sanyi ƙalau. Na ce wayyo, ta kwana ke nan. Sai hawaye, ina yi mata addu'a, ina ce mata ta yi haƙuri, ga ni na zo. Na tura gadon da ƙyar na juya ta ta fuskanci alƙibla. Saura in tausasa gaɓoɓi, yadda ake lanƙwasa hannu a miƙe shi a hankali don wanka ya yi sauƙi. Na kama hannun dama ta ƙarƙashin mayafi, na lanƙwasa, ya ƙi. Na ɗan ƙara ƙarfi.

Sai ji na yi ƙwas, hannun ya biyo ni tun daga kafaɗa.

Ihun da na yi, an ce har masu jinya a asibiti sun fito. Na tsaya tsakiyar ɗaki, kai babu ɗankwali, hannun mutum a hannuna, ina ta innalillahi, na kasa yar da shi na kasa riƙe shi. Ɗalibai suka cika ƙofa da tagogi. Babbar malamar ta kutso, wata mai jiki da tabarau, tana tambayar wa ya mutu.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wallahi ba da gangan na yi ba. Shekara talatin ina wannan aiki ban taɓa cire wa kowa hannu ba!"

Sai muryar 'yar Miga daga taga: "Wayyo Allah, Kaka ta kashe Goggon Aji!"

Ashe mutum-mutumi ne na roba, wanda suke koyon aiki a kansa, har suna suka sa masa. Hannun ma da ma cire shi ake yi. Ban taɓa ganin dariya irin ta ranar ba. Wasu suka zube a ƙasa, wata ta riƙe ciki tana roƙon a taimake ta. Malamar ta yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, tabaranta suna rawa, ƙarshe ta zauna a kujera ta rufe fuska da littafi. Ni kuwa da na ƙwanƙwasa goshin Goggon Aji na ji yana ƙara kamar ƙwarya, sai na ce, "Amma ke dai an yi munafuka, kina ji ina kuka kika yi shiru." Aka sake fashewa.

Can na hango jikata a bakin ƙofa. Da farko kunya ta rufe ta kamar ta nutse. Sai kafaɗunta suka fara girgiza, ta yi dariya har ta jingina da bango. Yanzu ma da take rubutawa ta ajiye alƙalami tana yi.

Da aka lafa, malamar ta tashi ta zagaya gadon. Ta duba ɗaurin haɓar, ta duba yadda na rufe jikin da inda na juya shi. Ta ce wa ya koya mini wannan. Kafin in buɗe baki jikata ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ita take wa mata wanka a garinmu." Na gane daga yadda ƙawayenta suka dube ta cewa daddawa kawai ta taɓa gaya musu. Ban ji haushi ba, mutane da yawa ba sa son cin abinci daga hannun mai wankan gawa. Malamar ta ce akwai darasin da suke yi a kan yadda nas za ta kimtsa wanda ya cika kafin danginsa su ɗauke shi, kullum daga littafi take karanta musu, yara kuma tsoro suke ji. Ta ce in na yarda, gobe in nuna musu. Na ce ni da ban san bihim ba? Ta ce abin da ta gani a gadon nan ya ishe ta.

Muka fita da jikata muka zauna a gindin darbejiya, tana ta dariya tana kwaikwayon ihuna. Ban ankara ba dariyar ta juye kuka. Ta kifa kai a cinyata.

"Iya, a hannuna ya tafi. Ina riƙe da wuyan hannunsa ina ƙirga bugun, ina ƙirgawa, sai na nema na rasa. Kowa yana cewa ga Likita a gida, ga Likita a gida. Ban yi masa komai ba. Yanzu duk wanda na taɓa sai in ji kamar zai tsaya."

Wallahi ji na yi kamar an doke ni. Wata huɗu da kwana goma ina kukan mijina, ban taɓa tambayar kaina me yarinyar da ta riƙe shi take ɗauke da shi ba. Kuma akwai maganar da take wurina wadda tata ce, baƙin ciki ya sa na zauna a kanta.

Na ce, "Tashi ki dube ni. Kin tuna da hantsin ranar, da na aike ki ki ɗumamo kunu? Kina fita ya ce mini, 'Tafiya ta zo, kada ku wahalar da kowa da neman mota. Amma ki bar mini Likita a kusa. In ta riƙe ni ba na jin tsoro.' Ya san ba warkar da shi za ki yi ba. Rakiya ya nema, kuma kin raka shi har bakin ƙofa. Ni da nake matarsa ina bakin gado ina kuka, ke kika iya."

Muka yi kuka tare, mai yawa, har masu wucewa suka riƙa rage tafiya. Da muka gama ta share mini fuska da gefen hijabinta, ta ce in tashi a nemo mini ɗankwali, kada a ce kakarta ta zauce gaba ɗaya.

Washegari aka cika aji, har da ɗalibai maza a baya. An mayar wa Goggon Aji hannunta. Na ce musu abu na farko, mai wannan aiki ba ta yin sa ita kaɗai, sai da mai taya ta juyi da zuba ruwa, kuma an fi son na jiki. Na kira jikata. Ta fito tana jan ƙafa. Na nuna musu yadda ake rufewa kafin a taɓa, yadda ake gwada ruwa a bayan hannu kada ya yi zafi ko sanyi, kamar dai mai rai za a yi wa. Na ce a fara da dama, a riƙa faɗa masa abin da za a yi, kuma abin da ido ya gani a nan, a nan ake barinsa. Wata yarinya Kirista ta ɗaga hannu ta ce in ba Musulmi ba ne fa? Na ce, "'Yata, addu'ar ce kowa da tasa. Sutura da tausayi duk ɗaya ne."

Da muka zo juyi, na ce jikata ta sa hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Na ga yatsun suna rawa. Na ɗora tafina a kan nata, muka juya tare. Juyi na biyu na janye nawa ba tare da na faɗa mata ba, ta juya ita kaɗai. 'Yar Miga ta ce, "A dai yi hankali da hannun dama, akwai tsohon ciwo." Malamar ta ce za ta kore ta waje, alhali ita ma dariyar take yi. Da aka tashi suka yi mini tafi, suka ɗora mini farar hular nas a kan ɗankwali suka ɗauke ni hoto. Ranar har maigadi Malama yake ce mini.

Rana ta huɗu ita ce jarrabawa. Baƙin malamai suka zo daga Dutse, aka kai ɗalibai asibiti, kowacce aka ba ta marar lafiya guda. Jakar dai tana nan a ɗaure, ban ce ta kwance ba, ita ma ba ta ce mu tafi ba. Na zauna a benci cikin masu jinya, inda nake hango ɗakin maza ta taga. Sai ga shi an ba ta wani dattijo Bafulatani mai ciwon ƙafa, farin gemu, siriri, kusan sa'an Malam. Na ce shi ke nan, Allah Ka dube mu.

Ta isa bakin gadonsa. Na ga ta sunkuya ta gaishe shi, ta gyara masa zanen da ya zame, ta yi masa magana ya gyaɗa kai. Sannan ta ɗauki wuyan hannunsa, ta dubi agogon da yake maƙale a ƙirjinta. Ban san minti ɗaya yana da tsawo haka ba. Ta ajiye hannun a hankali, ta rubuta, ta jawo tiren wankin ciwo ta ci gaba da aikinta, baƙuwar malamar tana binta da takarda.

Da ta fito ba ta bi ta kan ƙawayenta ba, ta taho da gudu, farar riga da komai, ta faɗa jikina.

"Iya, yana bugawa! Saba'in da takwas, Iya, kuma bai tsaya ba!"

Na rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti, ni da ko sati ban yi da fita takaba ba. Wata nas ta leƙo ta ce a yi shiru, akwai marasa lafiya. Washegari ɗalibai suka raka ni tasha su fi ashirin, suna rigimar wa zai riƙe mini ƙulli, ni kaɗai na hau mota. Ta ci jarrabawar, ta gama karatunta, yau tana aiki a asibitin da bai fi tafiyar acaɓa daga gidanmu ba.

Ina kukan Malam har gobe, wannan ba zai ƙare ba sai na tarar da shi. Amma tafiyar nan ta koya mini cewa mai makoki ya riƙa waiwayawa, don sau da yawa akwai wani a bayansa da yake ɗauke da rabin gawar shi kaɗai, kunya ta hana shi magana. In kuma mamaci ya bar maka kalma mai daɗi a kan wani, amana ce, ka isar da ita tun da zafinta. Ni na riƙe tawa wata huɗu, saura ƙiris ta ci karatun yarinya.